Hatimin Herminia

A Quellón, a gindin tsibirin Chiloé,
inda kwalta ke tsayawa ta bar wa ruwa magana,
nan nake zaune, shekara goma sha tara,
bayan taga, da hatimi, da shuɗiyar tawada.
Sunana Herminia. Kalma ɗaya ke ciyar da ni.

Izini.
Shi ne mai takarda, mai lamba, mai ranar ƙarewa.
Masunta kan shigo da gishiri a wuyan riga,
su cire hula, su miƙo hannu mai kaushi,
in buga: kwana uku, mutum huɗu, jirgi ɗaya.
Izini bai san sunan 'ya'yanka ba.
In iska ta juya, sai in janye shi
ban ko ɗaga kai ba.

Yana da ƙanwa, ƙyalewa. Ita ba ta da hatimi.
Ranar da Nibaldo ya sauke buhun da ya zarce awo,
matarsa na kwance a asibitin Castro,
na dubi buhu, na dubi agogon bango,
na daɗe ina duban agogon.
Ba wanda ya ba shi izini. An dai ƙyale shi.
Wanda aka ƙyale ba ya waiwaye,
godiyar ma a ɓoye yake yin ta:
kifi biyu a bakin ƙofata, ba sallama.

Dama kuwa ba ta zama a kujera.
Hukuma ta ɗage hani da tsakar daren Litinin,
kafin gari ya waye jirage sittin sun fice,
ana ta ihu, an ba mu dama, an ba mu dama,
sai ka ce teku ya sa hannu a sanarwar.
Teku bai taɓa sahale wa kowa ba.
Lamuni yake yi,
kuma yakan zo karɓar bashinsa da kansa.

Uwata ta shekara arba'in tana cewa, "To, tafi mana,"
tana naɗe wa babana gurasar dankali a ƙyalle.
Baki ya sallama,
zuciya na riƙe da igiyar jirgi.
A wurinta na koyi cewa "tafi" daban, yarda daban.

Bara, cikin sanyin Yuli,
babana Baldomero, tamanin da ɗaya,
wanda likita ya hana wa taba, da gishiri, da bakin ruwa,
ya kira ni gefen gado, murhu na ci, ruwa na dukan rufi.
Ya ce, "'Yar ofis, takardata ta ƙare."
Na yi dariya, na gyara masa bargo.
Ya riƙe wuyan hannuna.
"Ba ta hukuma nake nufi ba. Kin yarda?"

Ni da kan sallami mutum ɗari kafin azahar,
na laluba aljihu, babu hatimi.
Na ce gobe.
Gobe ta zo, na ce a sha romo tukuna.
Dare uku na tsare shi a bakin taga,
kamar wanda takardunsa ba su cika ba,
shi kuwa bai yi gardama ba, ya bi layi,
numfashi na ja kamar tsohon inji.

Dare na huɗu na sunkuya a kunnensa.
Kalmar ta fito da ƙaya:
"Na yarda, Baba."
Bai kai fitowar rana ba.

Yau wani yaro, jikan Nibaldo, gemu bai fito ba,
ya zo neman takardarsa ta farko.
Uwarsa na tsaye a waje, cikin yayyafi, ta ƙi shigowa.
Komai ya cika. Na shafa tawada, na buga.
Ya ja takardar,
sai ya ga yatsana na danne da gefenta.
Ya ce, "Akwai saura ne?"
Na dubi matar ta cikin gilashi.
Na ce, "Nawa ya ƙare. Je ka tambayo na waje."